Shafukan da Fanka Ta Watsa

"A kashe fankar! Don Allah a kashe!"

Kafin nas ta kai hannu, aikin gama ya gama. Ɗinkin littafin ya tsinke a hannuna, shafuka suka tashi kamar an kori tattabaru, wasu ƙarƙashin gadaje, ɗaya a kan ƙirjin tsohon da ke gadon kusa da mu. Na durƙusa ina tsinta, hawaye na zuba. Lambobin shafukan ma ɓera ya daɗe da cinye su.

Yaya yana kwance, idonsa a silin. Tun da mota ta zame daga jak ta buge shi a ka a garejinsu, bai ce uffan ba. Likita ya ce a yi ta yi masa maganar abin da ya saba, ko harshen ya dawo, ko kuma shi ke nan. Shi ya sa na ɗauko littafin 'yar maƙeri mai dokin hayaƙi, wanda ya yi ta karanta min ina ƙarama har ya haddace. Ƙarshensa dama babu. In na tambaya sai ya ce in rufa masa baki.

"Karanta haka nan, 'yata," in ji tsohon, yana miƙo min shafin. "Mu da muke kwance, ina za mu?"

Na fara da wanda ya zo sama. Dokin ya faɗi matacce a bakin teku. Na juya, sai ga shi garau yana sace hular mai gadi.

"Kai! Ba shi ne ya mutu yanzu ba?" Tsohon ya ɗago. "Wane asibiti aka kai shi? A mai da ni can!"

Ɗakin ya kwashe da dariya, har nas. Na ci gaba. Yarinya ta soke maye, shafi na gaba tana tambayarsa hanya.

"Ba nan ba ne."

Muryar ta fito a shaƙe, kamar tsohuwar ƙofa. Na daskare.

"Auta." Yaya ya haɗe rai. "Kin… tsallake gadar."

Nas ta ruga kiran likita. Ni kuwa na share ido, na sake cakuɗa shafukan da gangan, na zaro na tsakiya.

"To, bayan ta auri mayen…"

"Ƙarya!"

"Yaya, ga shi a rubuce."

"Kawo nan, shashasha."

Ban taɓa jin zagi mai daɗinsa ba. Har la'asar ina ɓatawa yana gyarawa, kalma biyu, uku, can sai jimla guda. Na ɗaga kai na dubi fankar nan mai ƙara, na sa mata albarka a fili.

"Ki sa wa ɓeran ma," in ji tsohon.

Sai muka ji sallama. Wata doguwar mata ce da ban taɓa gani ba, riƙe da wasu tsofaffin shafuka masu rubutu irin na littafinmu sak. Ba ta ko dube ni ba.

"Ashe kana magana," ta ce wa Yaya. "Madalla. Ga rabona na kawo, ƙarshen littafin. Saura alkawarin da ka yi min."

Yaya ya runtse ido, ya soma minsharin ƙarya.