Kofur Mai Sanƙon Wuya

Da ƙafa Humu ta banko ƙofar gidan Mba Andani, saboda hannayenta biyu suna riƙe da zakaransa. Sallamar ma rabi ta yi.

"Mba Andani, yau dai an zo ƙarshe! Geron kokona na shanya, ɓarawon nan ya hau kai yana ci yana kashi. Ga jar kazata kwana biyu ban sa ta a ido ba. Ni da wanne zan ji?"

Rakiyatu, 'yar tsohon, ta leƙo daga madafa tana yi mata alama da hannu ta sassauta. Sai a lokacin Humu ta dube shi da kyau. Yana zaune a gindin darbejiya, bargo a ƙafafunsa duk da zafin Afrilu na Tamale. A gabansa ga kwano da ƙwai tara fasassu, warinsu ya cika tsakar gida.

"Humu, zo ka gani," in ji shi, da Hausarsa ta kasuwar Aboabo wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Kaza ya kwanta kwana ashirin da uku. Ko ɗaya babu. Sau uku ke nan."

Shekara goma sha shida suna maƙwabtaka a Kaladan, katanga ɗaya ta raba su, kuma duk rigimarsu a kan kaji take. Kajin Mba Andani irin masu sanƙon wuya ne, wuyansu ja sumul kamar an fige. Mahaifiyarsa ce ta zo da irin a kwando daga ƙauyensu na wajen Kumbungu ranar da aka kawo ta gidan miji, kuma tun daga nan bai taɓa yankewa ba. Sai bara annoba ta shiga unguwa ta share su. Zakara ɗaya ya rage, wanda tsohon ke kira Kofur. Shi kuwa Mba Andani, makon jiya aka sallamo shi daga asibiti, aka ce wa Rakiyatu zuciyarsa ta gaji, a je gida a kula da shi.

"Idan na je can," ya ce yana shafa ƙirji, "uwata ya tambaye ni ina kajin shi, me zan ce?"

Faɗan da Humu ta ƙullo tun daga gida ya kwance. Tausayi ya kama ta, ita kuwa ba ta iya tausayi a zaune ba. Ta saki Kofur, ta gyara ɗaurin zani.

"Ina matan nasa? A fito min da su."

Rakiyatu ta buɗe akurki. Kaji huɗu suka fito suna rangaji, manya-manya, gashi buzu-buzu, kowace ta ninka Kofur. Bayan annobar tsohon ya sayo su daga wata gona, wai zakaran gidan Andani ba zai zauna da ƙananan mata ba. Humu ta ɗaga ɗaya, sai da ta yi nishi.

"La ilaha! Wannan kaza ce ko tunkiya? Me kuke ba su?"

"Ƙuliƙuli," in ji Rakiyatu. "Da ragowar tuwo. Da dusa. Mba ya ce kada a bar su da yunwa."

"Shi ya sa! Kawo ƙwan yau."

Ta fasa shi a faranti, ta juya gwaiduwar da tsinke har ɗan farin ɗigon ya bayyana. A gidan kakarta a zangon Yendi ta koyi wannan.

"Dubi nan, Mba. In zakara ya yi aikinsa, za ka ga zobe kewaye da ɗigon. Wannan ɗigo ne tsurarsa. Kofur bai ko kusanci matar nan ba. Ta ina ma zai hau? Sai dai a kafa masa tsani."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Daga ranar Humu ta karɓi mulkin akurkin. Da ta gama sayar da koko da ƙosai da safe, sai ta shigo da almakashi. Ta rage gashin da ya toshe gindin kajin. Ta goge ƙaho biyun da ke ƙafar Kofur, don kada ya ji musu ciwo su riƙa gudunsa. Ta hana ƙuliƙuli, ta hana tuwo, ta ce sai ganye da ɗan tsaki. Ƙwan da a da ake tarawa a ɗakin kwano mai zafi kamar tanda, ta mayar da su gindin randa, ana juya su safe da yamma. Shi kuwa Kofur ta kulle shi da matansa, ba fita ba tsallake katanga.

"Geron ka ya huta," in ji Mba Andani.

"Ba don gerona na yi ba. Amma ya huta, alhamdulillahi."

Bayan mako biyu aka sa wa wadda ta yi kwanci ƙwai takwas. Unguwa duk ta ɗauka. Masu sayen koko kan tambayi ƙwan kafin su tambayi jikin tsohon. Shi kansa ya daina fitowa gindin darbejiya, amma kullum sai ya tambayi Rakiyatu kwana nawa yau.

Ranar kwana bakwai, da rana tsaka, Humu ta rufe tagar ɗakinsa da zani, ta kunna fitilar wayarta, ta riƙa ɗora ƙwan ɗaya bayan ɗaya a kan hasken. Jijiyoyi take nema, jajaye sirara. Na farko fayau. Na biyu fayau. A na shida Rakiyatu ta yi tsalle.

"Ga ja! Wallahi ga ja!"

Humu ta juya shi a hankali. Jan layi ne ya zagaye ƙwan, ba jijiya ko ɗaya. Ya fara, ya mutu. Sauran biyun ma babu komai.

"Za mu sake," ta ce da sauri. "Kajin ba su gama ramewa ba ne. Ai ka ga ɗaya ya kama. Mako uku kawai, ko huɗu."

Mba Andani ya dubi rufin ɗaki. "Mako huɗu yana da nisa, Humu. Buɗe ma Kofur ƙofa. Ya yi zaman fursuna ya isa."

Ta fito, ta shiga gidanta ta yi kuka mai isarta.

Washegari da hantsi tana jawo itace a bayan madafa, sai ta ji ƙurƙur daga ƙarƙashin tarin. Ta ja da baya, ta zaci maciji ne. Sai ga jar kazarta, wadda ta riga ta yafe wa ɓarayi, ta fito a rame, fukafukai a baje. A bayanta 'yan tsaki suna ta ɓullowa. Humu ta ƙirga goma sha ɗaya. Ita da ba ta da zakara! Ta durƙusa ta ɗauki ɗaya, ta ga wuyansa ja sumul, ko gashi ɗaya babu.

Ihun da ta yi sai da mai yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ya taka birki a bakin titi. Ta kwashe su a daro, ta fita ba takalmi ba mayafi, kazar na bin ta tana saran ƙafarta.

"Rakiyatu! Mba Andani! Ashe ba gero kaɗai yake zuwa ci ba!"

Ta dire daron a kan gadonsa. Bakwai daga cikinsu masu sanƙon wuya ne. Rakiyatu ta toshe baki tana dariya, hawaye na zuba. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan kafaɗunsa suka fara rawa.

"Kofur," ya ce. "Ɗan banza. Na saya ma shi manyan mata, shi ya tafi zance maƙwabta."

"Ni kuma kullum ina korar surukina da tsintsiya."

"Rabi nawa ne."

"Rabi? Geron wa ya ci?"

Ya miƙo tafin hannu, ta ɗora masa ɗaya. Ya kai shi kusa da fuskarsa, ya shafa ɗan wuyan da babban yatsa, ya yi masa wata magana a hankali da Dagbanci wadda Humu ba ta ji ba. Rakiyatu ta ji, ta juya ta dubi bango.

"Ka riƙe su duka, Humu," ya ce. "Amma tsintsiya."

"Na ajiye, Mba. Na ajiye."

Ya sha koko ranar, rabin kofi, ya ce sukari bai ji ba. Washegari bayan sallar Azahar Allah ya karɓi abinsa. Kafin Magariba an kai shi.

Ranar addu'ar uku gidan ya cika, takalma sun yi tuli a ƙofar ɗaki. Humu na shara a gefen katanga sai ta ga jar kazar ta kutso ta ramin da ruwa ke fita, 'ya'yanta na biye, suna hawa takalman mutane suna gangarowa. Kofur ya sauko daga katanga ya tsaya a cikinsu. Humu ta jingine tsintsiyar a jikin darbejiya, kusa da kujerar tsohon, ta kwance bakin zaninta ta watsa musu gero.