Jarrabawar Masinja a Bakin Kogi

Auta ce ta gindaya sharaɗin, kuma ba ta yi wata kwana-kwana ba. Tun da mahaifinta ya faɗi da keke a mararrabar kasuwa watan jiya, ta ce ko dai ya tabbatar mata ƙarfinsa na nan, ko kuwa a kulle keken, ya tattaro ya dawo ɗakin baya na gidanta, mai taga ɗaya da ke kallon tankin ruwa. Tabbacin shi ne tafiyar yini guda a hanyar bakin kogi, kilomita sittin zuwa tsohuwar gada. Alƙalin kuma mijinta.

Wannan shi ya fi ci wa mahaifin nata, Masinja, rai. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu a kan keke, har sunan aikin ya cinye nasa na yanka, yau kuma mai auna shi mutum ne da ake kira Darakta, wanda daga kujerar ofis sai kujerar mota.

Rana na fitowa surukin ya iso cikin wani ɗamammen wando, kamar narka shi aka yi aka zuba a ciki, da hular kwano mai ramuka, da agogon da ke ƙidaya bugun zuciya. Masinja ya kawar da kai, ya nema masa gafara a ransa. Keken surukin ma siriri, tayoyi kamar ɗan yatsa, ba kariyar ɗora kaya ba ƙararrawa.

“Ina kwana, Baba?”

“Lafiya lau. Tufafin ne suka ƙare a gida?”

“Haka ake sawa, Baba. Yana rage iska.”

“To, Allah ya rage.”

Darakta ya fito da famfo mai agogo, ya hura wa tayoyinsa iska har suka yi tauri kamar dutse, sannan ya nufi na surukinsa. Masinja ya tare shi da hannu. Ya danna tayarsa da babban yatsa, ya saki iska kaɗan.

“Hanyar tsakuwa ce, rana kuma za ta yi zafi. A bar wa taya wurin numfashi.”

“Littafin ya ce ɗari da goma, Baba.”

“Littafin ya taɓa hawa?”

Suka kama hanya, kogi a hagunsu, jajayen ruwa na tafiya a hankali, kwale-kwalen masunta a kife a kan yashi. Darakta yakan miƙe a kan feda ya fyalla kamar an biyo shi, can gaba a tarar da shi yana haki, yana ɗaukar kansa hoto. Masinja kuwa taki ɗaya, baya a miƙe, yadda ya saba tun kafin a haifi matar wannan mutumin. Duk inda ya cim masa sai ya ji, “Baba, kuna lafiya? Mu ɗan huta?” da wani kallo na mai duba mara lafiya. Masinja ya ci gaba da taka fedarsa. Ya lura dai cewa mai tambayar ne ke neman hutun.

Kafin azahar tayar baya ta Darakta ta yi ƙara, ta kwanta. Ya durƙusa ya zazzage jakarsa: ƙananan sifanoni masu ƙyalli da ba a taɓa ɗaura su a kan noti ba, da wata 'yar kwalbar iska da ya murɗa ta huce gaba ɗaya a tafin hannunsa. Ya ɗauko waya don ya ga yadda ake yi, babu sabis. Masinja ya bar shi ya ɗaga ta sama ya zagaya sau biyu, don ya more kallon, sannan ya buɗe tsohon gwangwaninsa. Da ƙotar cokali biyu ya ɓare tayar, ya gangara da tub bakin ruwa, ya nutsa shi har kumfa ta nuna hujin. Ya kankare wurin, ya shafa sholisho. Darakta ya miƙo faci da rawar jiki.

“Dakata ya sha iska. Komai naka gaggawa, shi ya sa komai naka ke fashewa.”

Da suka yi alwala a kogin, sai da Masinja ya ba shi ƙyallen da yake rufe kariya ya ɗaura a ƙugu, don ya ce ba zai ja wa mutum salla a wannan shiga ba. Bayan sallama ya ci burodinsa, Darakta kuma ya tsotsi wani abu mai danƙo daga leda, kamar jariri.

Zuwa la'asar jijiyar cinyar Darakta ta ɗaure, ya koma baya yana jan jiki. Masinja ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Har ya fara shirya kalmomin da zai faɗa wa Auta.

A nan hanyar ta ratsa wata 'yar unguwa: gidaje jere, inuwar katanga ta rufe rabin titi, wata shuɗiyar ƙofa ta ƙarfe. Masinja ya rage gudu, ya sauke ƙafar hagu, ya kaɗa ƙararrawa sau biyu. Hannunsa ya koma baya cikin jaka.

“Wasiƙa!”

Wata mata ta leƙo da goyo. “Ta wa, Baba?”

Ya lalube jakar. Gwangwani, gorar ruwa, ragowar burodi. Ransa ya ɓaci. Da hannunsa ya jera su da safe, gida-gida, har da mai rajista wadda sai an sa hannu. Wane sakarai ne ya taɓa masa jaka a ofis? Ya waiga don ya ga wanda zai tuhuma, ya ga wani baƙo mai hular kwano tsaye yana kallonsa baki buɗe. Ya kusa tambayarsa ko shi wane ne.

Sai abin ya sake shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ajiye aiki, wannan titin kuma bai taɓa taka shi ba.

“Yi haƙuri, Hajiya, ruwa muke nema,” in ji Darakta da sauri. Ta kawo, suka sha, suka yi godiya. Suka tura kekunan har bayan gidajen. A ƙarƙashin wata bishiya wayar Darakta ta yi ƙara. Auta ce, muryarta na fitowa sarai.

“Yaya Baba?”

“Ai... ai Baba garau. Wallahi ya fi ni. Ba wata matsala, ko kaɗan, ko ɗaya.”

Masinja ya dube shi: gumi, ido na zillo, ga rantsuwa an jefa a tsakiya ba dalili. In ya bar maganar a haka, keken ya zama nasa, amma da sadakar wannan mutumin, wanda daga yau zai riƙa binsa da kallon tausayi a kowace gaisuwa. Kuma gobe ƙofar wa zai tsaya, a wane titi, da wace mota a bayansa? Ya miƙa hannu.

“Ba ni nan. Auta, mijinki bai iya keke ba, ƙarya ma bai iya ba. Yanzun nan na tsaya a ƙofar mutane ina kiran wasiƙa, na kuma dube shi ban gane shi ba. Ki share ɗakin.”

Auta ta fara shessheƙa. “Baba...”

“Ban ce ki yi kuka ba, shara na ce.” Ya mayar da wayar. “Kai, saura nawa?”

“Goma sha biyu, Baba. Ko in kira direba?”

“Ka kira wa kanka.”

Ya hau, ya yi bisimilla, ya taka. Bai yi sauri ba, don ba ya son gadar ta zo da wuri. Yana jin tsakuwa na ƙara a bayansa, ya kuma san cewa jijiyar ta daɗe da saki, da gangan surukin ya ƙi wuce shi. Ya ja tsaki, bai waiga ba.