Haɗin Gajiyar Malam Datti

Uwaliya ta miƙa takardar likita ta tagar ɗakin magani, amma Bushira, mai ba da maganin, ba ta karɓa ba tukuna. Fitowa ta yi ta tsaya gaban bencin masu jira, ta ɗaga wani ƙullin leda mai jajayen ƙwayoyi da farare.

"Wa ya san wannan?"

Wa zai ce bai sani ba a ƙasar Gwarzo? Wani dattijo ya ce, "Haɗin gajiya ke nan, abokin manomi." Aka kwashe da dariya, har da Uwaliya.

"Baba, abokin nan ƙoda yake ci," in ji Bushira. "Ciwon baya zai lafa, amma in aka mayar da shi abin kullum, ƙoda tana lalacewa a hankali, ba ta kuka. Mafi muni shi ne mutum ya sha ya wuni cikin rana ba ruwa, ko yana da hawan jini."

Dariyar Uwaliya ta tsaya cak.

Mijinta, Malam Datti, yana kwance a ɗakin maza, ƙafafu sun kumbura, fitsari ya ɗauke, likita yana maganar tura shi Kano wankin ƙoda. Mutum ne da ko gatari ya sare shi ba zai ce wayyo ba. Ita ce ta koyi karanta ciwonsa daga yadda yake jingina fartanya in ya dawo gona. Duk ranar kasuwa sai ta sayo masa haɗin, ta miƙa masa bayan tuwo. In azumi ya zo daidai da sharar gona kuwa, biyu take ajiye masa a gefen kunun sahur, don kada ƙugu ya dame shi har a sha ruwa. Matan garinsu, Garo, suna tsokanarta wai ta shagwaɓa tsoho, ita kuma tana jin daɗin tsokanar, don da abin take alfahari.

Da mutane suka ragu, ta matsa jikin taga.

"'Yata, wata maƙwabciyata ce. Tana ba mijinta haɗin nan da sahur, shekara da shekaru. Shi ma zai iya…"

Bushira ta dubi sunan da ke kan takardar, ta dubi Uwaliya, ta sassauta murya.

"Inna, ba zan ce shi kaɗai ba ne, ga hawan jini ma. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, yana da hannu. Ki gaya wa maƙwabciyar taki ba da mugunta ta yi ba. Sai dai daga yau ko guda kada ta sake shiga bakinsa, komai roƙon da zai yi."

Uwaliya ta karɓi magungunan ta juya. Ba ta ma san ta wuce ƙofar ɗakin maza ba, sai da ta dawo da baya.

Ta tarar da Malam Datti yana cije leɓe, gumi ya jiƙa matashi. Ya yafito ta, ya yi ƙasa da murya kada ma'aikaciyar jinya ta ji.

"Uwaliya, bayan nan zai tsinke. Maganinsu ba ya yi mini. Ba ni naki, na san ba kya rabuwa da shi."

Bai taɓa roƙonta komai ba sai yau. Haɗin yana nan kuwa a ƙulle a bakin zanenta, tana jin tudunsa a cinya.

"Na baro shi a gida, Malam."

Ya daɗe yana kallonta.

"Ke ma kin gaji da ni ke nan," ya ce a hankali, ya juya fuskarsa bango.

Ta zauna a bakin gadon ta shiga danna masa baya da tafin hannu, hawaye suna ɗiga a kan rigarsa. Bai juyo ba.