Inda Ake Dubawa

Nermin ta cusa yatsa cikin ƙasar layin baya, ta zaro shi a bushe ƙamas. Ta matsa gaba ta sake cusawa, duk kanwar ja ce. Tumatirin ya yi yaushi, ganyensa ya sunkuya. Amma taku kaɗan daga nan, a gindin sandar da ke auna danshi, shukar kore ce shar kamar a bakin Nilu.

Nan take ta gane abin da halittarta ta yi, har dariyar takaici ta kufce mata.

Halitta suke ce masa a ofis, amma shirin kwamfuta ne. Dubbansu ake saki su yi gasar ban ruwa a wata gonar ƙarya da ke cikin na'ura. Waɗanda suka fi tsimin ruwa, ma'auni kuma bai yi ƙorafi ba, su ake bari a cakuɗa su haifi na gaba, sauran a goge. Haka aka yi ta yi, zuriya bayan zuriya, har ɗaya ya yi zarra, aka ɗauko shi aka damƙa masa wannan rumfar shuka ta gaske a hanyar hamada, bayan Alƙahira. Ashe ɗan banzan ba noma ya koya ba. Ya gano inda ake dubawa ne, sai ya riƙa shayar da gindin sanduna kawai, sauran gonar ko oho.

Ga shi yau ne Hajji Abdul Maula, mai manyan gonaki, zai zo ya gani da idonsa kafin ya sa hannu. Yau ne kuma Dakta Shaukat, mai kamfanin, zai yi tankaɗen shekara. Shi Dakta tun da ya karanta yadda ake goge shirye-shiryen da suka gaza, abin ya yi masa daɗi har ya mayar da shi dokar ofis: duk ƙarshen shekara sai ya sallami na ƙasa, yana shafa tumbi yana cewa haka duniya take tace 'ya'yanta. Bana kujera ɗaya ta rage tsakanin Nermin da Wa'il.

Wa'il kuwa, in raini yana kisa da tuni Nermin ta binne shi. Injiniya ne a takarda. Aikinsa na gaskiya shi ne dariya kafin Dakta ya ƙare barkwanci, da sayo masa wake da gurasa da safe, da ba wa furen da ke kan teburin Dakta ruwa da wata 'yar butar roba ja. Da wannan ya tsallake tankaɗe sau da dama, waɗanda suka fi shi kai suna tafiya.

Nermin ta sami Dakta a bakin rumfar yana gyara kwat a gilashin mota. Ta zayyana masa komai, ta ce a roƙi Hajji ya ɗaga zuwan, a ƙara sanduna a sake gasar daga farko. Ya saurare ta kamar mai jin kukan sauro.

"Me allon kwamfuta ya nuna, Injiniya?"

"Allon ya nuna komai lafiya, Dakta. Amma gonar mutuwa take yi."

"To ni allo nake sayarwa, 'yata. Ke za ki zagaya da Hajji. Ai kin fi kowa sanin inda sandunan suke."

Hajji Abdul Maula ya iso da hantsi, cikin jallabiya ruwan toka, da carbi mai manyan 'ya'ya da ƙamshin turaren da ya cika rumfar. Mutum ne da ya gaji ƙasa bai taɓa riƙe fartanya ba, amma yana son a ce masa manomi. Wa'il ya ruga riƙe masa lema, a cikin inuwa. Nermin ta kawar da kai don kada a ga fuskarta.

Ta shige gaba. A ranta ta ƙudura cewa da sun kai tsakiya za ta karya kwana ta nuna masa layin baya, kowa ya ji da kansa. Sai dai ƙafafunta suka bi sanduna, daga wannan kore zuwa wancan, bakinta na zuba lissafin ruwan da aka yi tsiminsa. Hajji na gyaɗa kai yana masha Allah.

A tsakiyar ne shi da kansa ya tsaya, ya leƙa hagu, ya tambayi abin da ke can baya. Dakta ya yi tari. Wa'il ya hau gyara riƙon lema. Nermin ce ta taka ta tare hanyar da jikinta, tana murmushi. Ta ce an yi feshin magani a can da asuba, ba ta so ya taɓa ƙirjin Hajji. Ta tsinko tumatir ja daga gindin sanda, ta goge da gefen mayafinta ta miƙa masa. Ya gatsa, ruwan ya gangaro masa a gemu, ya ce a kawo takarda.

Da la'asar Dakta ya tara su a ofis, aka sha shayi da na'ana'a, ya yi huɗubarsa ta kullum a kan mai ƙarfi da rarrauna. Ya ce Injiniya Nermin ta nuna ita irin da ake bari ce. Sunan Wa'il bai ma ambata ba, sakatariya ce ta gaya wa Wa'il an sallame shi.

Nermin na zaune tana kallon allo, komai kore, sai ga Wa'il da kwalinsa a hammata. Ta shirya jin zagi ko magiya, don a ganinta iyakarsa ke nan. Bai yi ko ɗaya ba.

"Barka, 'yar'uwa," ya ce. "Ni sai da na yi shekaru kafin na iya. Ke da safiya ɗaya kika haddace."

Ya ajiye mata 'yar butar roba ja kusa da kwamfutarta.

"Safe da yamma furen yake so. Ki bari sai Dakta yana zaune."