Sunan Ɗiyar Fari

Dokta Rahinatu Illa tana koyarwa a jami'a a Tahoua, kuma ko abokan aikinta ba su san sashen da za su sa ta ba. Masana ƙasar noma suna cewa tasu ce, masana yanayi ma haka, masu tarihi kuwa suna cewa ai hirar tsofaffi take tattarawa. Maƙala ashirin da uku ta buga. Wadda ta fi yin suna ita ce ta tassa, ramukan nan da manoman Adar ke haƙawa a fako su zuba taki, ruwa ya kwanta, gero ya fito inda ko ciyawa ba ta yi a da.

Wajen mahaifiyarta, Inna Safi ta Kalfu, ta koyi tassa. Sai dai Rahinatu ɗiyar fari ce. Shekararta arba'in da ɗaya, ba ta taɓa jin sunanta a bakin Inna ba, balle yabo. "Ke" ce, ko "waccan". Ta san kunya ce, ba ƙi ba. Duk da haka abin yana mata ciwo, har tana jin nauyin kanta, babbar mace da digiri uku.

Wata Asabar wani ɗan jaridar rediyo mai suna Hashimu ya roƙe ta su je Kalfu ya ɗauki muryar tsohuwar. Suka iske Inna a tsakar gida tana sussukar gero da maƙwabta uku.

Bayan gaisuwa Hashimu ya miƙa makirfo. "Inna, ki fara gaya wa masu saurare sunan ɗiyarki."

Matan suka fashe da dariya. Inna ta ja mayafi ta rufe baki.

"Kai, ɗan nan, wa ya rene ka? Ta fari ce fa."

"Ayya! A gafarce ni, Inna, ba a gaya mini ba." Ya harari Rahinatu, ita kuwa ta duƙar da kai kamar tana neman wani abu a ƙasa.

Sai ya sake hanya. Ya yi wa Inna bayani cewa duk malamin da ya ɗauki wani abu daga aikin wani, dole ya rubuta sunan mai shi, kuma akwai na'urar da ke ƙirgawa. An rubuta na Dokta sau ɗari shida da goma sha biyu, daga Dakar har Indiya.

"Ɗari shida?" in ji Inna. "Su ba su da aikin yi?"

"Aikin ke nan, Inna."

"To tunda sunka hwaɗi sau ɗari shida, mi za a yi da nawa?"

Rahinatu ta yi dariya tare da kowa, ta fara tattara jakarta. Ta ce wa Hashimu ya tambayi zurfin rami da yawan taki kawai, rana tana yi.

Inna ta amsa duka, har ta gwada zurfin da hannu ta manta rediyo ba ya gani. Da Hashimu zai kashe na'urar ɗaukar murya sai ta riƙe masa hannu.

"Tsaya. Mutanen Indiyan nan suna ji?"

"Mutanen nan kusa, su Barmu da Takanamat, dai za su ji."

"Su ma sun isa." Ta kafa ido kan turmi, ba ta dubi kowa ba. "Ku sani ba a kujera ta zauna ta rubuta ba. Damina huɗu tana haƙa tare da mu, hannunta duk ya yi kanta. Wadda kuke hwaɗi ɗin nan, ni na haihe ta. Shi ke nan, kashe abinka."

"Laa ilaa! Safi ta zubar da kunya a rediyo!" in ji wata maƙwabciya, ta rangaɗa guɗa. Inna ta jefe ta da zangarniya ta shige ɗaki, ta ƙi fitowa ko sallama.

Rahinatu da Hashimu suka shiga mota, suka hau kwalta. Tana ta goge ido da bakin gyale tana murmushi.

"Malam Hashimu, wurin nan na ƙarshe, kada ka yanke shi."

"Ko da Inna ta aiko a kama ni?"

"Ko da ta zo da kanta. Kuma ka turo mini a waya tun yau."