Bangon da Ya Tare wa Laouali Iska

A zamanin juyin juya hali, lokacin da kowa a Kwatano sai an kira shi kamarad, Laouali ne delege na layinsu a Zongo, wato idon gwamnati a unguwa. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Alhaji Mahamoud mai manyan motoci, kuma sun daɗe suna sa hannu a kwano ɗaya. Shi ne kuwa ya kai sarar Alhajin, wai yana satar fita da shinkafa ta kan iyaka. Da tsakar rana aka zo aka tafi da shi, aka watso kayan iyalinsa kan titi, aka mayar da gidan biro, wato ofishin hukuma. Abdulmalik, autan Alhajin, ya dawo daga makaranta ya tarar da uwarsa, Hajiya Ummu Salama, tana tsintar tukwanenta a cikin yashi, Laouali yana tsaye a barandar benensa yana kallo. Alhaji ya fito daga kurkuku da tarin da bai sake shi ba, har ya rasu a ɗakin haya a unguwar Gbégamey.

Da aka yi babban taron ƙasa mulki ya koma hannun farar hula, iyalin suka yi ta zirga-zirga har aka mayar musu da gidansu, amma kango. Laouali kuwa tuni ya tuɓe kaki, ya je Makka, ya koma sahun gaba a masallaci, ba wanda ya taɓa ce masa kanzil.

Abdulmalik ya yi karatun zanen gine-gine a Lome. Da ya dawo ya kama aiki ya yi suna, sai yayarsa Zuwaira, wadda kasuwar atamfa ta karɓe ta, ta ce a rushe kangon a tayar da bene mai hawa tara: shaguna a ƙasa, ofisoshi a kansu, gidajen haya a sama. Ya zauna ya zana abu mai kyau. Ta gefen Laouali ma ya bar fili da ’yan bishiyoyi, kamar yadda aka koya masa.

Ya shimfiɗa takardar a kan tabarma a gaban Hajiya. Ba ta iya karanta zane ba, amma ta daɗe tana dubawa.

“Ina gidan Laouali a nan?”

Ya nuna mata.

“Wannan koren fa?”

“Bishiyoyi ne, Inna. Don iska ta riƙa ratsawa.”

“Ta ratsa ta je wa wa?”

Ta naɗe takardar ta miƙa masa. Kunya ta rufe shi, sannan wani abu da ya daɗe yana kwance a ƙirjinsa ya miƙe zaune.

Ya koma filin da la’asar, ya ƙona tsumma ya tsaya yana kallon inda hayaƙin ya nufa. Iskar teku ta kudu maso yamma take shigowa, ta bi ta kan kangonsu ta zuba a tsakar gidan Laouali. A Kwatano kuwa duk gidan da ya rasa wannan iska tukunya ce a kan murhu. Sai ya sake zanen tun daga tushe. Ya lanƙwasa ginin ya rungume gidan Laouali ta kudu da yamma, da bango santal tun daga ƙasa har sama, ba taga ko ɗaya. Ɗakin janareto, ma’ajiyar shara, bututun hayaƙin masu abinci, duk ya jera su a gindin wannan bango.

Zuwaira ta ce, “Kai Abdul, gidajen wannan gefe za su yi duhu. Wa zai kama su?”

“Na buɗe tsakar gida a cikin ginin, Yaya. Haskenmu da iskarmu ta sama za su sauko. Ba abin da muka rasa.”

Ta gane abin da yake nufi. Ya bi ƙa’idar gini layi-layi, bai ci ko taƙi ɗaya na maƙwabci ba, aka buga masa hatimi. A duk aikin da ya taɓa yi, babu wanda ya ji daɗin zanawa kamar wannan bango.

Ƙasar Zongo yashi ce, ruwa na kusa, sai da aka kafa turaku masu zurfi kafin gini ya tashi. Da ya kai hawa na huɗu, iska ta ɗauke a gidan Laouali. Shanya ta daina bushewa. Damina ta sauka, bangon ɗakuna ya yi baƙi, katifu suka kama warin rima. ’Yan hayar da ke ƙasan benen Laouali suka kwashe kaya ɗaya bayan ɗaya.

Ran nan Laouali ya shigo wurin aikin yana dogara sanda, babbar rigarsa ta jiƙe da gumi. Abdulmalik yana magana da shugaban magina, ya ƙarasa maganarsa tsaf kafin ya juyo.

“Ɗana, wurinka na zo,” in ji Laouali.

“Ni ɗan Mahamoud ne.”

Tsohon ya ce, “Abin da ya faru, zamani ne. Da ban kai sunan wani ba, nawa za a kai.”

“To, ai ka tsira, Alhaji. Me kuma ya rage?”

“Ba na iya barci a gidan nan. Ka saye shi ka haɗa da naka, ko yaya ka taya na sallama.”

Abdulmalik ya dube shi sama da ƙasa. Bai kuwa ji komai ba sai sanyi a ransa.

“Ba na saye. Gidanka ne, ba wanda zai watso maka kaya kan titi. Zauna abinka.”

Ba a samu mai saye ba kuwa. Duk wanda dillali ya kawo, da ya ɗaga kai ya ga bangon, sai ya ce zai yi shawara.

Da aka gama gini, shaguna suka cika, masu zem, wato baburan haya, suka yi tasha a bakin ƙofa. Abdulmalik ya ware wa Hajiya gida a hawa na ƙarshe mai kallon teku. Ta ƙi. Ta ce na uku take so, ta gefen bangon, kuma a huda mata taga.

“Inna, bangon zai ɓaci.”

“Ni na ce a yi bangon. A huda.”

Aka huda ’yar ƙaramar taga, ita kaɗai a duk faɗin bangon. Nan take ajiye kujerarta bayan sallar la’asar, tana jan carbi, tana kallon Laouali a kan tabarma a tsakar gidansa yana fifita da kwali. Ya san tana nan. Bai taɓa ɗaga kai ba.

Shekara biyu aka yi a haka, sannan ciwon ƙirji ya kwantar da shi. ’Yarsa Latifatou ta zo da motar kaya ta ɗauke shi zuwa gidanta a unguwar Agla. Kafin su tashi ta tare Abdulmalik a bakin shaguna.

“Yaya Abdul, yanzu hankalinku ya kwanta?”

“Ya kwanta,” ya ce, kuma har zuciyarsa ya faɗa.

Ya hau sama ya tarar da Hajiya a bakin tagarta. Ta kalli yadda aka loda kaya, aka tallabo tsohon aka sa shi a gaban mota, aka datse ƙofa da kwaɗo. Sai da motar ta sha kwana sannan ta miƙe tana dafa gwiwa.

“Gobe ka turo magini ya toshe wannan taga,” ta ce. “Ƙarar injin nan ta ishe ni.”