Ranar Da Ramatu Ta Ba Akuya Kan Brokoli

Shekara goma sha bakwai ina dafa wa Hajiya Fasuma abinci a Maraɗi, kuma ban taɓa kwana uku a jere a ɗakina na Tsibiri ba. Tsibirin nan da idan ka hau kabu-kabu daga ƙofar gidan, kafin ka cinye goro ɗaya ka isa. Na zo aikin ne bayan na fita takaba, na bar ɗiyata Salima wurin yayata tana 'yar shekara biyar. Yanzu ga Salima da cikin fari wata tara, ta dawo gida goyon ciki, uwarta kuwa tana gidan wasu tana yanka albasa.

Abu ɗaya na roƙa: kwana arba'in. In je in hura wuta, in tafasa ruwa da ganyen bedi, wato darbejiya, in yi wa ɗiyata wankan jego da hannuna yadda uwata ta yi mini.

Hajiya ba muguwa ba ce, kada in ɗauki alhakinta. Tun da ciwon suga da hawan jini suka kwantar da ita, likita ya hana ta kusan duk abin da ke sa mutum ya ji daɗin zaman duniya. Sai ta ɗauki wani hali: girkin kowa ba ta ci sai nawa. Idan wata ta dafa, sai ta shinshina, ta ture tasa, ta juya wa bango fuska. 'Yarta Tahira, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar Alhaji, ta ce a nemo wata in koya mata. Ranar da Hajiya ta cinye girkin matar nan, in kama hanya.

Aka kawo Ramatu daga Sabon Gari. Ta girme ni, ta daɗe tana sayar da kwaɗon zogale, ga tsabta ga hannu mai daɗi. Aibinta ɗaya, kafin ka rufe baki ta ce, "Na sani." Kwana tara muna tare, Hajiya ta tashi daga loma ɗaya ta girkin Ramatu ta kai uku. Ni kuwa kullum sai na kira Salima na ce mata saura kaɗan.

Ranar Alhamis Maliki, mai kawo mana kayan lambu, ya iso daga lambunsa na Jiratawa da brokoli na farko a bana, kai uku manya, da ganyensu. Shi kaɗai ne abin da Hajiya ke marmari cikin abubuwan da likita ya yarda da su, kuma sai lokacin sanyi ake samunsa. Tahira ta ce dama ta samu.

"Inna Tsahara, yau kak ki shiga kuzin," in ji ta, tana nuna madafa. "Ramatu ta dahwa ita ɗaya. In Hajiya ta cinye, gobe ki kwana Tsibiri."

Na buɗe baki zan gaya wa Ramatu yadda ake yi, ta riga ni. "Ganye ne ko? Na sani."

Na koma tsakar gida na zauna ina ninke wanki. Na ninke zane ɗaya ya fi sau uku. Da na kasa daurewa sai na ce bari in zaga bayan madafa kamar mai neman tsintsiya. Can na tarar da akuyar gidan ta dage wuya tana tauna, koren abu na zuba daga bakinta. Ta gama da kai biyu, na ukun yana kwandon shara tana miƙo baki. Ban san lokacin da na fizge shi ba.

Na shiga na samu Ramatu tana wanke ganyen da kara a cikin roba, hankalinta kwance.

"Yaya Ramatu, mi ki kai haka?"

"Mai lambun nan ya cuce ku," ta ce. "Ya bari abin ya yi hure. Duk ganyen da ya hidda kai ya tsuhwa, ɗaci gare shi. Na tsinke na zubas, ga masu kyawun nan na tsince."

Wallahi raina ya ɓaci, amma ban iya zaginta ba, don ba ƙarya ta yi ba. Salati idan ya yi fure an gama da shi, haka alayyahu. Duk matar da ta san ganye abin da za ta yi ke nan. Ni ma shekarar da Tahira ta fara kawo shi, na tambaye ta ko iri aka kawo mana mu shuka. Wannan ne kaɗai ganyen da na san ake bari sai ya yi fure sannan a ci furen.

Na wanke na ukun na miƙa mata, na ce furen shi ne abincin. Ta dube ni kamar na ce ta dafa tsintsiya, amma ta karɓa. Abin da ya kamata in yi shi ne in koma ƙofa in riƙa gaya mata da baki. Na ma fara. Sai na ga ta kafa shi a faranti ta ɗora wuƙa ta sama za ta yayyanka shi kamar shu, wato kabeji. Sara ɗaya ta yi, furen ya fara wargajewa kamar tsaki. Kai ɗaya ya rage mana a gidan, ga shi za a mai da shi gari a gabana.

"Ba ni wuƙag ga," na ce.

Na kifa shi, gindi sama. Ta nan ake bi, a yanke kowane reshe daga inda ya haɗu da kara, sai ya faɗo da furensa cif. Manyan kuma na tsaga ƙafarsu kaɗan, na ƙarasa rabawa da yatsa don kada su zube. Na jiƙa su a ruwan gishiri, ba a jima ba 'yan tsutsotsi kore guda biyu suka taso, Ramatu ta ce a'uzubillahi. Na tsamo karan daga robarta, na fere ɓawon mai tauri har na isa ga farin cikin, na yanka shi siriri a karkace saboda haƙoran Hajiya. Na ɗauraye, na jera a madambaci bisa ruwan da ke tafasa. Da korensa ya yi shar na sauke, don idan ya wuce nan sai ya yi laushi ya yi wari. Ɗan man gyaɗa, tafarnuwa, lemun tsami.

Sai da na ajiye cokali na ga abin da na yi. Ramatu tana tsaye hannu a ƙugu, ko tukunya ba ta taɓa ba.

"Don Allah, Yaya," na ce, murya ƙasa-ƙasa, "ke za ki kai. Kak ki ce komi."

Ta ɗauki tire ta tafi, ni kuwa na laɓe a bayan labulen ɗakin Hajiya. Na ji ƙarar cokali sau ɗaya, sau biyu, na daina ƙirgawa a goma. Na ji Tahira na cewa alhamdulillahi. Ƙirjina ya buɗe, har na fara tunanin ko itacen da ke gida zai ishe mu kwana arba'in.

"Ku kira mini Tsahara," in ji Hajiya.

Na shiga. Tasa fes, sai yanki ɗaya na karan da ta riƙe tsakanin yatsunta.

"Wanga yanka naki ne," ta ce. "Ba mai here mini kara sai ke. Kun ɗauka bakina ya mutu?"

Tahira ta juya ga Ramatu. Ramatu ta sunkuyar da kai ta ce ita ba ta iya rantsuwa bisa ƙarya, ita dai ta kawo tire.

Da Hajiya ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi, da na samu abin riƙewa in yi fushi in fita. Ba ta yi ba. Hannuna ta kamo, nata duk ƙashi, ga sanyi.

"Kwana tara rabona da ƙoshi," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "In kin tahi, Tsahara, gawata za ki tarda."

Na tsaya ina jin haushinta, ina jin tausayinta, ina jin haushin hannuna fiye da duka. Ba wanda ya kulle ƙofa a gidan nan. Ko yanzu na sa takalmi ba mai tare ni, amma na san ba zan sa ba.

Tahira ta biyo ni madafa, ta kasa haɗa ido da ni. "Ki ƙara haƙuri, Inna. Sati biyu dai, har Ramatu ta iya."

Bayan la'asar na kira Salima. Na fara zagaye-zagaye, ina tambayar ƙafarta ko kumburin ya sauka. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ba ki zuwa ko, Inna?"

Na ce sati biyu ne, ƙila ma bai kai ba.

"Ba komi," ta ce, muryarta ko rawa ba ta yi ba. "Dama na gaya wa uwar mijina tun shekaranjiya. Ta ce ita za ta yi mini wankan. In an yi suna sai a aiko miki da hoto."